Daga Yankaba zuwa filin sukuwa a ƙasar Ringim: saitin kyamara ga abin da ke gudu

Tashar Yankaba na nufa da sassafe ranar Asabar, tsakiyar Disamba, hazo ya sauko har motocin titin Haɗeja fitilunsu a kunne suke. Wani abokin sana'a da ke ƙasar Ringim ne ya kira ni. Ɗan mai unguwarsu zai angwance, samarin ƙauyukan kewaye kuma za su yi sukuwa a gonakin gero da aka girbe, shi kuwa aikinsa hoton biki ne da na fasfo, bai saba da abin da ke gudu ba. Kayan da na ɗauka kaɗan ne: kyamara mai ƙaramar sensa (farantin ciki da ke kama hoto), dogon lensi mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 200, gajere na 18 zuwa 55, batura uku, memori biyu, filtar rage haske, 'yar bulowar roba ta hure ƙura, sai fararen ledoji da robar ɗaure kuɗi. Filasha ban ɗauko ba. Haskenta ba ya yin komai a nisan mita 30 da rana, yawancin kyamarori ba sa barin shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ta wuce saurin 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa in filasha na kunne, kuma babu mahayin da zai gode maka in ka walƙa wa dokinsa haske a ido yana tsakiyar gudu.

Kuɗin mota Naira 2,500 ne, na biya na mutum biyu a gaba don jakar ta zauna kusa da ni. Ɗan kamasho ya so ya jefa ta but, amma but ɗin motar haya wurin katan-katan ɗin taliya ne da jarkar manja, ga girgiza, lensi mai na'urar hana rawa a cikinsa kuwa ba ya son duka. Tokarawa, Jogana da Gezawa muka wuce ba wani labari. A ɗaya daga shingayen hanya jami'in ya leƙo ya ce, "Malam, me ke cikin jakar nan?" Na ce, "Kayan hoto ne, yallaɓai, biki za mu." Ya sa na zuge, ya duba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Tun daga nesa da shinge komai jaka yake komawa, don dogon lensi a tagar mota ba kowa zai ɗauke shi kayan hoto ba.

A Zakirai tayar baya ta sace, direba ya ce mu ba shi rabin awa wurin mai faci. Bakin babban titi irin wannan shi ne wurin gwajin hannu mafi arha, motoci ba sa yankewa kuma ba ka biyan kowa. Lissafin da komai ya rataya a kansa na tazara ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka in shota ta buɗe na 1/1000, motar ta matsa kusan santimita 3 kafin ta rufe. Motocin tseren Formula 1, waɗanda ke wuce kilomita 300 a miƙaƙƙen layi, mita 83 suke ci a daƙiƙa: santimita 8 a 1/1000, santimita 2 a 1/4000. Wanda ya ji haka zai ce a ƙure shota kawai a huta. In ya yi, zai samu mota tsaf ba dishi, ana ƙirga notinan taya, amma tsaye take cak kamar an faka ta a bakin kasuwa. Jikin mota ba ya nuna gudu. Tayar da ke juyawa da abin da ke bayanta ne ke nunawa, shi ya sa masu ɗaukar tseren motoci suke sauke shota maimakon ɗaga ta, su raka motar da kyamara, ita ta fito tas, taya ta narke, bayan ya zama ja-ja-ja a kwance.

Yadda ake yi shi ne a sa kyamara a Tv in Canon ce, S in Nikon ce ko Sony, wato inda kai ke zaɓen saurin shota, a sa ISO, ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa, a 100, a fara da 1/250. In hannu ya kama sai a sauka 1/160, 1/125, har 1/80. Akwai awon da ake farawa da shi: lambar shota ta yi kusa da gudun motar, mai gudun 120 a ba ta 1/125. Tsayuwa ta fi lamba muhimmanci. Ƙafafu su fuskanci inda za a danna, ba inda motar ke fitowa ba, sannan a murɗa ƙugu a tarye ta. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kyamara a manne da goshi, ƙugu kaɗai ke juyawa. A zaɓi abu guda a jikin motar, madubin gefe ko mariƙin ƙofa, a ɗora ɗigon saiti, mai nuna wa kyamara wurin da zai fito tas, a kansa tun tana nesa, a fara harbi a jere lokacin da ta zo daidai gabanka, kuma a ci gaba da juyawa bayan an saki maɓalli. Yawancin hotunan da ke lalacewa saboda mutum yana tsayawa ne a daidai lokacin da ya danna, bai ma san ya tsaya ba.

Na gwada da Sharon da Golf ɗin haya da wata tifa, kuma rana ta fito da matsalar da ake samu duk lokacin da aka sauke shota da hantsi. A rana mai ƙarfi, ISO 100 da 1/125 suna tilasta wa ƙofar lensi ta tsuke zuwa f/16. A nan hoto ke fara laushi, kuma duk ƙurar da ke kan sensa sai ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama. Maganinsa filtar ND8, tana rage haske mataki uku, ta mayar da kai f/5.6 ba ka taɓa shota ba. Na'urar hana rawa ma in an bar ta a saitinta na kullum, juyawarka take ɗauka rawar hannu, tana ja kana ja, hoton ya riƙa fizga. A lensin Canon mai maɓallin Mode, a kai shi 2, in babu a kashe ta. Wanda kyamararsa ke da shota marar ƙara ta lantarki ya koma ta ƙarfe, domin ta lantarki layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, in kana juyawa da sauri sai turakun wuta da bishiyoyi su fito a karkace. Sai kuma bayan hoton: sama fayau ba ta nuna gudu. Rumfunan masu rake da lemo da ke tsallaken titi su suka ba ni layukan kala masu kyau. Mai facin ya leƙa fuskar kyamara ya ce, "Oga, ai wannan motar tashi take yi." Gudunta bai fi 70 ba.

Mun shiga Ringim kafin azahar. Na ci shinkafa da wake da mai da yaji a kusa da tasha, Naira 1,000, abokin nawa ya zo da ɗan acaɓa biyu muka kama hanyar ƙauye, Naira 1,500 kowanne. Kwalta ta ƙare da wuri, sauran burji ne da yashi, babur yana wutsil-wutsil, a gefe ga tarin karan dawa an jingina, ga mata na ɓarar zoɓo a gindin bishiya. A irin wannan hanya jaka a ƙirji ake rataya ta, ba a baya ba, a kuma sa ta cikin leda, don ƙurar yashin nan ta zif take shiga.

Ba a sauka gari a fito da kyamara kafin a gai da masu gari. Muka je ƙofar gidan mai unguwa, muka tube takalma, abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙon da na ce zai zo daga birni." Ya yi mana maraba, ya sa aka kawo fura da nono, ya kuma haɗa ni da wani dattijo da ke kula da dawakinsa ya nuna mini fili. Wannan haɗin ya fi duk wani saiti amfani. Filin gonaki ne da aka share kututturan kara, tsawonsa zai kai mita 400, ya miƙe daga wajen wata kuka zuwa bakin gari. Dattijon ya bi da ni ya nuna inda ake tashi, inda dawaki ke kai ƙarshen gudunsu, inda kunya ba ta baje sosai ba har doki kan yi tuntuɓe, da inda suke kaucewa hagu saboda hanyar gida. Ya ce, "Yaro, kar ka tsaya nan. In doki ya ƙwace, nan yake bi, linzami ba ya jin sa." Na ce, "To, Baba, ina ya dace?" Ya nuna mini wani amalanken shanu da aka ajiye a gefe.

A filin na tarar da abin da birni ba ya koya wa mutum. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma da yamma a wannan wata kudu maso yamma take faɗuwa. In ka ba rana baya, yadda aka koya wa kowa, ka tsaya inda iska za ta kwaso ƙurar dawaki ta zuba maka, kai da lensinka. In ka koma inda ƙura ke barin ka, rana na cikin idonka. Babu tsayuwar da ta haɗa duka biyun. Na tsara farkon sukuwa in ba rana baya, lokacin ƙura ba ta taru ba kuma ana son fuskokin mahaya da kalar kayan doki, in rana ta yi ƙasa kuma in zagaya ɗaya gefen, in bar hasken ya ratso ƙurar ta baya.

A shagon samari na gidan abokina na kwana, katifa a kan tabarma, sanyin asuba kuwa ya fi na Kano nesa ba kusa ba, don babu gine-ginen da za su tare iska. Tuwon dawa miyar kuka da man shanu aka kawo da dare, da safe koko da ƙosai. Wutar lantarki babu. Akwai mai cajin waya da sola a bakin masallaci, Naira 200 kowane batir, kuma gara ka zauna kusa ka ga fitilar cajar ta koma kore da idonka, domin layin soket ɗin ya yi wa na'urarsa yawa, yana cire wannan ya sa wancan. A ɗaki na ɗaura dogon lensi, na goge memori, na naɗe kyamarar da leda na ɗaure bakin da roba a kan hular lensi, na huda wurin ido. Daga nan lensi ba ya sake fita sai an dawo ɗaki. Canza lensi a filin sukuwa buɗe wa sensa ƙofa ne ƙura ta shiga, lensin da ke tsawo in an zuƙo shi kuwa iska yake shaƙa da ƙurarta duk zuƙowa.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka fara. Masu kalangu suka buɗe fili, dawaki suka fito da jalala da tunjimi, kili da akawal da bidi, samari na zaburar su suna ja da baya. A birni mun saba da hawan Sallah, inda doki ke tafiya a jere da rangwaɗa, 1/500 ta wadatar, mutum har ya tsaya ya gyara tsayuwa. Nan ba haka ba ne. Doki a cikakkiyar sukuwa yana kai kilomita 55 zuwa 60 a awa, kusan mita 15 a daƙiƙa, kuma saitin da ya yi aiki a Zakirai ba ya aiki a kansa. Mota dunƙule guda ce, in ka daidaita juyawarka da madubinta, ƙofa da fitila ma sun daidaitu. Doki kuwa yana gaba yana sama da ƙasa, kai na sunkuyawa yana ɗagowa, ƙafafu na ninkin gudun jiki, mahayi na tsalle a kan sirdi. In ka raka shi a 1/80, babu abin da zai fito tas, ko fuskar mahayin. Abin daɗin shi ne doki ba ya buƙatar dishi kafin a san gudu yake. Geza a tashe, hanci a buɗe, kofato a sama, ƙasa na fallatsa, rigar mahayi ta cika da iska: ko an daskarar da shi a 1/2000 gudun yana jikinsa. Saboda haka mota a sauke mata shota, doki a ɗaga masa.

Na sa kyamara a M, inda mutum ke zaɓen shota da ƙofa da kansa, shota 1/1600, ƙofa f/5.6, na bar ISO ya riƙa hawa da kansa, na yi masa iyaka a 3200. Ko da wannan saurin, dole a raka dokin. Da lensi a 200 da doki a nisan mita 30, siffarsa a kan sensa kashi ɗaya ce cikin 150 na girmansa. A 1/1000 yana matsawa milimita 15, wato milimita 0.1 a kan sensa, kuma a sensa mai megafiksel 24 wannan ya haura ɗigon hoto (fiksel) 20. In kyamara a tsaye take, dishi ne ƙarara. Rakiya ce ke cinye yawancin wannan motsi, shota ta ƙarasa na ƙafafu. Ga wanda ke son bayan hoto ya ja, 1/250 zuwa 1/320 ne wurin da ake samun fuskar mahayi tas, ƙafafu da 'yan kallo sun narke, kuma ya san yawancin abin da ya harba zubarwa zai yi. A kan fuskar mahayi ko ƙirjinsa ake ɗora ɗigo, ba kan doki ba, domin mahayin ne mafi ƙarancin lilo.

Haske a hunturu mayaudari ne. Ƙarfe huɗu da kwata, 1/1600 da f/5.6 suna neman ISO 320 zuwa 400. Rana na shiga cikin hazon da ke ƙasa-ƙasa, tun kafin ta faɗi da kusan awa guda, sai ta zama jan faifai da ake iya kallo da ido. Wajen biyar da rabi na sauko 1/1000, ISO ya kai 800, kafin magariba ya doshi 3200. Nan ne lensi mai f/2.8 ke biyan kuɗinsa, mataki biyu yake ba ka, 3200 ta koma 800. Mai lensin da ba ya buɗewa fiye da f/5.6 kada ya ji tsoron ISO. Hoto mai tsaki-tsaki, wanda hawan ISO ke jawowa, ana gyara shi a kwamfuta, mai dishi kuwa sai shara.

Saitin nisa shi ya fi wahala, kuma ƙura ce sanadi. Dole ya zama mai bi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. Wanda ya bar shi a na hoton fasfo, kyamara za ta kulle a inda doki yake lokacin da ya taɓa maɓalli, kafin shota ta buɗe ya bar wurin. Ɗigo ɗaya da 'yan rakiyarsa huɗu ko takwas ya fi barin kyamara ta zaɓa da kanta, don in ta zaɓa, yaron da ya kutso gaba ko reshen da ya fi kusa za ta kama. Na mayar da saitin kan maɓallin AF-ON na baya, babban yatsa na bi, manuni na harbi, in wani ya gitta sai in ɗaga babban yatsa ya wuce. Akwai kuma wurin da ake gaya wa kyamara kada ta yi saurin sakin abin da ta kama, Case 2 a Canon masu wannan tsari. Duk da haka, in dawaki biyar suka taso tare, na baya cikin gajimaren ƙura suke, kyamara ba ta ganin gefen da za ta kama, lensi ya shiga kai da kawo. A nan tsohuwar dabara ta fi: na sa wani yaro ya kafa kara a gefen layin da suke bi, na saita a kansa da hannu, na tsuke zuwa f/8, na fara harbi dab da su iso karan.

Hoton da kowa ke so shi ne na gaba da gaba, doki na tunkaro ka. Shota a nan ba ta da wahala, 1/1000 ta isa tunda ba gitta maka yake ba, amma zurfin wurin da ke fitowa tas ƙanƙane ne. Lensi a 200, f/5.6, nisan mita 30, kana da kusan mita 5. Ya matso mita 15, ya rage mita ɗaya da 'yan kai. A f/2.8 rabin haka ne, tsakanin hancin doki da fuskar mahayi kuwa ya kai mita guda, sai ka samu hanci tas, mai doki dishi-dishi, alhali shi ne zai biya kuɗin hoton. Gara f/5.6 ko f/8 a nan. Sannan doki a nisan mita 30 daƙiƙa biyu ne tsakaninku, ido a cikin lensi kuwa ba ya auna nisa daidai. A kan amalanken da dattijon ya nuna mini na ɗauki waɗannan, ido biyu a buɗe, abokina na riƙe da bayan rigata. Can wajen ƙarshe wani akawal ya ƙwace ya bi hanyar gida, daidai inda aka ce kar in tsaya, jama'a suka watse, wani mai tallan rake ya bar bairo ya haye katanga. Ba wanda ya ji ciwo. Zamiya ita ce ta fi sauƙin kamawa: an san inda za a ja linzami, gaban mai unguwa da ango, doki ya zauna kan ƙafafun baya, ƙasa ta tashi. Mutum ya saita wurin ya jira.

Na'urar awon haske ma ƙura da fararen kaya na ruɗa ta. Kili da mahayi cikin farar riga a cikin farin hazo, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage, hoton ya fito toka-toka, sai an ƙara mata kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki guda. Akawal a gaban duhun kuka kuma akasin haka ne, ta ƙara har rawani ya ƙone. Fuskar kyamara ba abin dogaro ba ce a fili, a kunna gargaɗin da ke ƙyaftawa a wurin da ya ƙone, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, don a samu abin gyarawa daga baya. Da na zagaya ɗaya gefen, rana na gabana, ƙura ta koma ruwan zinare, dawaki suka zama baƙaƙen siffofi da haske a gefen geza. A nan na cire ISO daga hannun kyamara na kafe shi, na auna a kan ƙurar mai haske, na bar mahaya su yi duhu. Hular lensi dole ce, filtar kariya mai arha kuwa cire ta ake yi, ita ke jawo koren tabo in rana ta shigo.

Harbi a jere yana da iyaka. Doki na yin taku cikakke wajen biyu ko fiye kaɗan a daƙiƙa, kyamara mai hoto 10 a daƙiƙa za ta ba ka huɗu ko biyar a kowane taku, ɗaya ne kawai mai kyau: lokacin da ƙafafu huɗu suka bar ƙasa. Tun 1878 Eadweard Muybridge ya nuna da jerin kyamarori a Kalifoniya ta Amurka cewa wannan na faruwa ne sa'ad da ƙafafun suka tattaru a ƙarƙashin ciki, ba sa'ad da suka miƙe gaba da baya ba. Wanda ya danne maɓalli tun dawaki na nesa, ma'ajiyar wucin gadi ta kyamara za ta cika, ta tsaya tana zuba wa memori daidai lokacin da suka iso gabansa. Gajeren harbi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya fi, da memori mai saurin rubutu, irin mai alamar V60 in kyamarar na karɓa.

Samari masu waya sun kewaye ni suna tambayar me ya sa nasu ke fitowa dishi. Wanda wayarsa ke da sashen Pro na nuna masa ya kai S zuwa 1/1000, ya daina zuƙowa da yatsu, ya danne maɓalli ya raka dokin. Bayan dawaki, 'yan babura suka shiga fili suna tsere kafin dattawa su kore su, haske ya riga ya mutu, sai na koma lissafin mota: 1/60, ISO 400, rakiya. Babur ɗan uwan mota ne a wannan fanni, taya na juyawa, jiki dunƙule, sai dai a kan kunyoyin gona yana tsalle, wanda ya bi shararren wuri ne kawai ya fito.

Litinin da safe ɗan acaɓa ya fito da ni Ringim, na samu motar Kano ba jira, kuɗin bai canza ba. Duka-duka tafiyar, da abinci da caji da ɗan abin da na ba yaron da ya kafa mini kara, ba ta kai Naira 20,000 ba. Aikin da ya rage a gida na ƙura ne, kuma yana da tsari. A fara da bulowa da burushi mai laushi a jikin kyamara da zoben lensi kafin a buɗe komai. Gilashin gaba a hure shi sosai kafin ƙyalle ya taɓa shi, don ƙurar nan yashi ce, gogewa da gefen riga zane take bari na har abada, hurawa da baki kuma yawu take ƙarawa. Daga nan a ɗauki farin bango a f/16 ba tare da saita nisa ba, a buɗe a kwamfuta a ga ko sensa ta kama ɗigo. In ta kama, a kifa kyamarar bakinta ƙasa a hure da bulowa, in ya ƙi fita a kai wa mai gyara. Hotunan mahaya kuma na tura wa abokina ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin in an tura su yadda aka saba manhajar na matse su, gezar da aka sha wahalar kamawa ta dunƙule, in an zo wanke babba na bango ba zai yi kyau ba.